Yadda Na Haɗa Auren Karnuka a Zango

Gafiya ce ta jawo maganar. Bayan kaka, da aka gama ɗaure gero aka zuba a rumbun Inna da ke bayan gidanmu a Zango, sai kullum a wayi gari da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa a gindin rumbu, ga sabon rami da ƙasa a tare a bakinsa. Ɓeraye kuwa har sun daina jiran a kashe fitila. Inna ta ce a kira Kawu, ƙanenta, wanda ya tsufa yana farauta tsakanin dajin Yardaje da bakin iyakar Nijar. Na ce a dakata tukuna. Lokacin ban daɗe da dawowa daga aiki a Kano ba, ina da waya mai intanet, ina kuma da ƙarfin halin mutumin da ya kwana yana karatu a kan abin da bai taɓa yi da hannunsa ba.

Abin da na karanto shi ne, a Ingila sun raba wa karnuka aiki. Akwai gajere mai zafin rai da suke kira teriya, wanda ke shiga rami, ya cafki ɓera a wuya ya girgiza sau ɗaya, shi ke nan. Wani limamin coci mai suna Jon Rasal ya shafe rayuwarsa a ƙarni na 19 yana tace irin wannan kare, har yau da sunansa ake kiran jinsin. A Landan a 1823 wani kare mai suna Bili ya kashe ɓeraye 100 cikin minti biyar da rabi, jama'a na kallo suna caca. Sannan akwai ruwa-biyu na kamun zomo, wanda ake samu in an haɗa dogon kare mai gudu da wani mai kaifin hanci ko mai ɗaukar horo. Nan take dabara ta faɗo mini: in haɗa doguwa da gajere, in sami kare ɗaya da zai gama da gafiyar Inna da safe, ya kawo mana zomo da yamma. Mu mutanen Zango ai mun san darajar asali. A nan sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadi, har Turawa suka zo suka mai da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Jini ba ya ɓuya, in ji ni.

Inna ta ce ba a gidanta ba. Na je wurin liman, ya ce kiwon kare don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ya halatta, a dai ajiye shi a waje. Ya ƙara da cewa abin da kare ya kamo ba ya ciwuwa sai in horarre ne, wanda in ka sake shi da bisimilla zai tafi, in ka tsawata masa zai tsaya. Na ɗauko rabin farko na fatawar na kawo wa Inna, rabi na biyu na bar shi a masallaci.

Amarya na same ta wurin wani Buzu mai gadin sito a hanyar Mai'aduwa. Irin karnukan nan ne na Azawak, kwarin da ke tsakanin Nijar da Mali: ƙafafu zaƙo-zaƙo, ciki a ɗame, haƙarƙari kana iya ƙirgawa daga nesa, ga jan aji, ba ta kallon kowa sai ubangidanta. Ango kuwa karen wani mai faci ne a Daura, guntu, kunne ɗaya a yage, an ce ba ɓeran da ke ƙetare shagon ya kwana da rai. Buzu ya ce shi ba ya cin kuɗin kare, malamai sun yi magana a kai. Sai dai tukwici. Tukwicin ya fara da ganyen shayi da sukari, ya bi ta kan yadin rawani, ya ƙare a batirin rediyo, kuma kowane zuwa sai na zauna an dafa shayi na ɗaya da na biyu da na uku kafin a ce mini in dawo jibi. Ango na ɗauko shi a kwali a bayan babur. Kafin mu kai ya cinye gefen kwalin, ya fara kan babbar rigata.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki karya ta haihu. Na tafi da Kawu ya taya ni zaɓe. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna wani siriri da ya bar 'yan uwansa yana ta shinshinar gindin bango.

"Wancan za ka ɗauka, ɗana. Ka ga tun yanzu hancinsa na ƙasa."

Ni kuwa idona na kan wani ƙato mai babban kai da ya danne sauran yana shan nono. Na ce, "Kawu, wannan ya fi kwarjini."

"Kwarjini," in ji Kawu. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "To, Allah ya raya."

Na sa masa suna Janar. Lissafina shi ne ya ɗauko ƙafafun uwa da zuciyar uba. Da ya girma sai ga ƙafafun uba da jan ajin uwa. Jiki dogo, baki dogo, ƙafafu guntaye, in yana tafe sai ka ce benci ne aka sa wa wutsiya. Kawu ya ce karen farauta ƙanzo yake ci da kunun dusa, kuma sai ya dawo daga daji ake cika masa ciki. Na ga wannan rowa ce irin ta mutanen da. Janar madara ya sha, ya ci ƙashin mahauta, har ya kai in ba a zuba miya a tuwo ba sai ya kalle ni ya kau da kai. Abu ɗaya Kawu ya yaba, da na kai Janar wurin likitan dabbobi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare. Horo kuwa mun yi shi bakin gwargwado. Janar ya iya "zo" in akwai kwano a hannuna, ya iya "kwanta" ko ba a ce ba.

Ranar gafiya na zaɓi lokacin da Kawu ya tafi kasuwa, don ina son ya dawo ya tarar da gawa. Na san ana yi mata hayaƙi, don da rana tana can ƙarƙashin ƙasa tana barci, sai dare take fitowa ta cika kumatunta da hatsi ta kai ma'ajiyarta. Abin da wayata ba ta gaya mini ba shi ne ramin gafiya ba ƙofa ɗaya gare shi ba, kuma mafarauci kan zagaya ya toshe sauran kafin ya ƙyasta ashana. Na tura busasshiyar ciyawa a bakin ramin, na kunna, na kama fifita da faifan Inna, na tsai da Janar a gefe ina ce masa ya shirya. Can sai ƙasa ta motsa a bayanmu. Gafiya ta fito daidai tsakanin ƙafafun Janar, ƙatuwa, ta fi kilo guda, wutsiya rabi baƙa rabi fara, kumatu a cike tim. Ta tsaya, ta ɗaga ƙafafun gaba, ta yi wani irin gurnani.

Ban taɓa sanin guntayen ƙafafun nan na da gudu haka ba. Janar ya ratsa tsakar gida, ya faɗa ɗakin Inna, ɗakin da aka yi yarjejeniya ba zai taɓa shiga ba, ya bi ta ƙarƙashin jeren kwanukanta na aure. Ƙarar da ta tashi har makwabta na uku sun ji. Ina waige ina kiran sunansa iska ta kwashi wutar ta liƙa wa zanar da ke kewaye da rumbu. Mata suka fito da bokiti, almajirai suka kawo ƙasa, wani ya riƙa salati da ƙarfi bai ɗauki ko moɗa ba. An kashe wutar kafin ta kai jinka. Gafiya kuwa ta tsira da na bakinta, ta bi gindin katanga ba ta ko sauri.

Da daddare, don in rage zafin abin, na ba Kawu labarin cewa gafiya ba ƙaramar dabba ba ce. A Morogoro ta ƙasar Tanzaniya ana horar da 'yan uwanta su shinshino nakiyoyin da aka binne, har ɗaya mai suna Magawa ta sami lambar zinariya a 2020 saboda aikin da ta yi a Kambodiya.

Kawu ya gyara zama. "To ai da gafiyar ka kama ka sa a makaranta, ɗana. Ga alama ta fi karenka ɗaukar karatu."

Saura zomo. Na ce wa kaina ai Janar ɗan sarari ne, gadon uwarsa sai a fili zai fito. Da rani ya tsaya aka buga gangar farauta, na saɓa gora na bi ayari. Zomon Ingila da na karanta a rami yake zaune jama'a guda, ana shimfiɗa raga a bakin ramin a koro shi. Namu na daji ba ya haƙa rami. Yakan lafe a gindin sabara ko kalgo, launinsa ya saje da ƙasa, sai ka kusa taka shi ya zabura. In ya tashi kuma ba ya miƙe hanya, sai kare ya buɗe baki zai cafka ya yi kwana, kare ya wuce da ƙura. Shi ya sa mafarauta ke jeruwa sahu guda suna dukan kurmi da ihu, karnuka na gaba, masu jifa da gora na jiran inda zai karyo. Wanda ya fara bugu shi ke da nama, kuma a kan wannan ƙa'ida an sha fasa kai.

Hantsi ya ɗaga zomo ya tashi. Duna, baƙin karen Kawu da ba shi da ko tsokar kirki, ya bi shi da sauran karnuka suka yi arewa. Janar ya ɗaga hanci, ya yi tunani, ya yi kudu. Na bi shi ina haki cikin ƙarangiya har na daina ganinsa. Jim kaɗan sai ga shi tafe, kai a sama, da zomo a baki. Na ɗaga gora na yi kururuwa, "Janar ya kama! Kawu, Janar ya kama!" Jama'a suka juyo.

Zomon fari ne fat, mai jan ido, da ƙiba har wuya. Da ransa kuma, ko ƙwarzane babu. Janar ya ajiye shi a gabana, ya kwanta ya kama lasar masa kunne. A bayansa ga wata baiwar Allah da muciya a hannu, daga wani ƙauye da ke bakin dajin, tana tambayar wane ne mai wannan benci. Ashe akurkin zomayenta ya ture. Sauran suka watsu cikin gonaki, karnukan ayari da suka dawo daga bin na daji ba su samu ba suka tarar da abinci yana tsalle a fili. Kafin a tsawata musu an gama.

A gaban maigari aka yi shari'a. Mafarauta suka ce su dai karnukansu a daji suka kama, kuma an yanka da bisimilla. Maigari ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ya dube ni. Na biya kuɗin zomaye, na biya gyaran akurki, na ƙara da na ban haƙuri. An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a ranar wasu suka ci zomon, ni na ci gudun.

Gafiyar Inna kuwa Kawu da Duna suka fitar da ita wata safiya kafin a sauke koko. Ya toshe ƙofofi, ya haƙa, Duna ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Daga nan aka share ciyawar gindin rumbu, aka yaɓe tsagoginsa, wake aka zuba a ganga aka rufe. Inna ta sa doka a kife kowane kwano da dare, don ma'aikatan lafiya sun yi ta faɗa a rediyo cewa fitsari da kashin ɓera ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Da na tambayi Kawu ko dai haɗin jinin ne bai yi ba, ya ce mafarauta ma na duba uwa da uba kafin su ɗauki kwikwiyo, amma kare sawun ubangidansa yake bi, wanda bai sha rana da shi ba kada ya sa ran nama.

Janar na nan da ransa, ya ƙara ƙiba, yana kwana da awakin Inna, ɓeraye na wucewa ta gabansa yana amsa gaisuwa da wutsiya. Duk mai sha'awar jinin Azawak da na Daura a haɗe ya zo Zango ya tambayi gidan da zana ta ƙone. Kyauta ne, ba ma sai da tukwici ba, sai dai a sani ba ya cin tuwo gaya.