Masu Kallon Tauraruwar Degas

A gidan adana zane-zane na Orsay da ke birnin Faris, wanda tashar jirgin ƙasa ce kafin a buɗe shi ga masu kallo a 1986, akwai zanen Edgar Degas mai suna Tauraruwa, wanda ya yi wajajen 1876 da fastel, wato alli mai launi, inda wata 'yar rawar bale ta tsaya a kan ƙafa ɗaya, hasken dandamali yana dukan fuskarta daga ƙasa. Da yake haske mai ƙarfi yana lalata irin wannan aiki, cikin duhu-duhu ake nuna shi, kuma a nan ne halayen masu kallo suke fitowa fili.

Mafi ɗaga murya shi ne masanin dare ɗaya, wanda ya haddace shafi biyu a jirgi, yake kuma sanar da wanda bai tambaye shi ba cewa wannan salon Impireshonis ne, wato zana abu yadda ido ya kama shi cikin ƙiftawa. Bai san cewa Degas, duk da ya shiga baje kolin farko na ƙungiyar masu wannan salo a 1874, ya ƙi jinin wannan suna ba, har yana yi wa masu zane a filin Allah ba'a. Kusa da shi akwai mai shinshina, wanda yake kai hancinsa jikin gilashi har sai mai gadi ya yi gyaran murya, sannan ya yanke hukuncin cewa ba a gama zanen ba. Ita kuwa mai waya, ƙeya take ba Tauraruwar, domin hoton fuskar kanta ta zo ɗauka.

Sai mijin da aka jawo ba da sonsa ba, wanda tun daga ƙofa benci yake nema. Da yake ba ya ƙoƙarin burge kowa, shi kaɗai yake lura da mutumin nan mai baƙar kwat da ke raɓe a gefen dandamali a cikin zanen, labule ya rufe masa fuska. A zamanin Degas, irinsa attajirai ne masu kujerar shekara a gidan Opera, waɗanda kuɗinsu ya ba su damar shiga bayan fage wurin 'yan matan, galibinsu 'ya'yan talakawa da ake kira ƙananan ɓeraye. Idan mijin ya tambaya, «Wancan kuma me yake nema a nan?», masanin yakan duba agogo ya ce lokacin ganin zanen Monet ya yi.