Ka ce ƙyanda ta tafi? To, da me ta tafi?

Malam mai gardama, gyara zama. Ka ce ƙyanda ba wani abu ba ce, ta fesa ƙurajenta, sati guda ta kama gabanta? Ka ce kai ma ka yi ta kana yaro, ga ka nan garau har da tumbi? Sannu da ƙoƙari. Waɗanda ta ɗauke ba sa nan, balle su shigo muhawarar.

Ƙurajen da kake ƙirgawa ai talla ce, ɓarnar tana ciki. Fararen ƙwayoyin jini su ne masu gadin jikin ɗanka, kuma ƙarfinsu a hayayyafa yake. Da cuta ta shigo, ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har su fi ƙarfinta. To, ƙwayar ƙyanda a kansu take fara sauka, ta wata ƙofa da masana ke kira CD150. Wadda ta shiga ta hallaka. Wadda ta gogi jikinta kawai, sai rabuwar ta tsaya cak.

Ka ce sabon kitson masu sayar da allurar rigakafi ne? Haba dai! Tun 1908 likitan yara Clemens von Pirquet na Ostiriya ya lura cewa yaron da gwajin tarin fuka ke kumbura wa fata, da ƙyanda ta kama shi sai fatar ta yi gum.

Kada ka miƙe, saura mai zafin. Ƙyanda tana kuma kashe ƙwayoyin da suka haddace cututtukan da yaro ya taɓa karawa da su. A 2019 Michael Mina da abokan aikinsa suka fitar da bincike kan yara 77 marasa rigakafi a ƙasar Holan. Ƙyanda ta goge musu kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na garkuwar da suka tara. Raunin kan kai shekara 2 zuwa 3. Shi ya sa ƙuraje na bushewa sai ciwon huhu, sai gudawa, sai kunne ya dinga zubar da ruwa. Kai kuma ka tattara laifin ka ɗora wa tsohuwar maƙwabta, wai ta kama kurwa. Baiwar Allah!

Ka ce allurar ma ai ƙwayar ce? Ita ce mana, amma an karya lagonta, kuma wannan binciken bai ga ta goge komai ba. A Najeriya ana yin ta a wata 9, a maimaita a wata 15, kyauta a asibitin gwamnati. Ɗauki yaron ku je, gardamar ma ƙarasa in kun dawo.