Yadda Za Ka Zama Ɗalibin Harvard Daga Birnin Kudu

Da farko ka sanar da 'yan majalisarku cewa yanzu a Harvard kake karatu. Ba ƙarya ka yi ba. Darasin CS50 na Farfesa David Malan kyauta ne a intanet, kuma da Scratch ake farawa, inda za ka wuni kana koya wa wata mage yin kuka sau uku. Kada dai ka bari Baba ya leƙo wayar, don ba zai yarda boko ne ba.

Malamin zai ce maka babbar matsala gunduwa-gunduwa ake yi mata. To, gwada da taka: ba data, ba wuta, ba sabis. Ka ga ta zama uku. Data sai ta dare, lokacin da kai da sauro kawai kuke farke. Caji wajen mai caji, ka tsaya a kansa kada a musanya maka batir. Sabis kuwa, Allah ya hore mana duwatsu. Hau ɗaya ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa.

Tunda ka hau, ka ƙarasa Dutsen Habude. Akwai darasin da ake cewa ka ɗauki muhimmi ka watsar da tarkace. Wanda ya zana shanun da ke jikin dutsen nan ya sa ƙaho, ya sa ƙafafu, ya bar kaska. Bai yi rajista da kowa ba.

Algoridim ne zai fi ba ka tsoro, alhali sunan wani malamin lissafi ne na Bagadaza a ƙarni na 9, Al-Khwarizmi. Zauna gindin murhu ka kalli Inna. Ruwa ya tafasa, a yi talge. In ya yi ruwa, a ƙara gari. A yi ta tuƙi har sai muciya ta tsaya da kanta. Ga sharaɗi, ga maimaitawa, kuma shekara talatin tuwonta bai taɓa maƙalewa ya ce a sake kunnawa ba. Sai dai kada ka ce mata, "Inna, ashe ke furogirama ce." Muciyar tana hannunta.

Ranar da ka gama, Kawu zai taso takanas daga Gwaram da rediyonsa da ta daina magana, tunda an ce ka karanci kwamfuta. Karɓa da ladabi. Ciro batir, ka hura, ka mayar.