Ranar da Manoman Shinkafa Suka Kayar Min da Manhaja

Wata ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗejiya ta ba ni aikin haɗa manhajar rajistar takin noman rani. Na gama, na gwada a wayata da ta ƙanwata, komai lafiya lau. Har na karkata hula.

Ranar buɗewa shugaban ƙungiya ya sa aka yi shela bayan sallar Juma'a. Kafin la'asar mutanen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma duk sun dirar wa manhajar lokaci guda. Ta sandare. Wani dattijo ya riƙa danna maɓalli da ƙarfin da yake riƙe garma, yana cewa, "Yaro, ko dai sunana ne ba ta so?"

Alhaji, shugaban ƙungiyar, ya kira ni gefe. "Kai, kuɗin jama'a ka ci?"

"Ranka ya daɗe, layuka ne suka ƙare."

"Layin waya?"

Ina zan fara? Duk wanda ya danna, manhajar sai ta buɗe masa sabon layi zuwa rumbun bayanai: a gaisa, a duba kalmar sirri, a ware masa gurbi. Shi kuwa rumbun, wato PostgreSQL, idan ba a taɓa saitinsa ba, layi 100 yake ɗauka, wanda ya zo bayan nan a kora shi. Dattijon nan shi kaɗai ya cinye rabon unguwa guda.

Na buga wa wani abokina a Kano. Sai da ya gama dariyarsa tsaf, sannan ya ce in sa PgBouncer a tsakani, in bar 'yan layuka a buɗe kullum, wanda ya gama ya mayar, na baya ya karɓa. Na yi wa Alhaji bayani da fito lokacin ambaliya: ba a sassaƙa wa kowane fasinja kwalekwalensa, 'yan kaɗan ne ke kai da komowa har kowa ya haye.

Ya ce, "To da can kai sassaƙawa kake yi?"

Bayan isha'i rajista ta koma gudu da layi 20 kacal, uwar na'urar ma ta daina numfashi sama-sama. Dattijon ya samu takinsa, ya kuma baza a gari cewa addu'arsa ce ta buɗe hanya. Ladana kuwa, Alhaji ya biya da buhun shanshera, ya zabtare kwano biyar kuɗin tashin hankali.