Baƙuwar da ba ta sallama

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, ba ta da ƙafa, ba ta da fiffike. Duk da haka da wuya a sami gidan da ba ta sani ba tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo.

Direbarta macen sauro ce, Anopheles. Namijin ruwan fure yake sha, babu ruwansa. Tasharsu kuwa duk inda ruwa ya kwanta: fadamun shinkafar Wurno, kududdufan damina, da gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo a kan kogin Rima. Ba a biyan kuɗin mota.

Da an sauke ta a fata, sai ta bi jini ta wuce hanta kai tsaye, kamar wadda ta saba da mai tsire. Nan take ƙulewa cikin ƙwayar hanta guda kusan mako ɗaya, shiru, ko tari babu. Ta shiga ita kaɗai, ta fito da zuri'a dubbai.

Kowace jika sai ta nemi jar ƙwayar jini. Ta manne, ta juyo da kai, ta kutsa cikin ƙasa da minti ɗaya, ta mayar da ƙofa. Ladabi ke nan. Ta cinye abin da ta tarar, ta hayayyafa, bayan kimanin awa 48 'ya'yan su fasa ɗakin su bazu neman wani.

A lokacin ne maigida ke neman bargo da tsakar rana. Wasu jikokin kuma sun riga sun yi shiri, suna jiran motar dare.