Ɓarin Hannu a Teburin Sunuka: Alamominsa da Maganinsa

Ɓarin hannu lalura ce da ke kama ɗan wasan sunuka a daidai lokacin da ƙwallo ɗaya ta rage masa ya ci wasa. Ba ta kama mutum da hantsi, lokacin da yake gwaji shi kaɗai, babu kowa a rumfar sai yaro mai shara. A irin wannan lokaci kowa gwani ne. Lalurar takan jira sai bayan isha'i, an tayar da janareta, majalisa ta cika, an kuma yi sharaɗin cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin tebur.

Wasan da ake yi a yawancin teburan unguwa mai ƙwallo 15 ne da fara guda. Bakwai na ɗan wasa, bakwai na abokin karawarsa, sai baƙa mai lamba 8 wadda ake jefawa a ƙarshe. Ramuka shida ne, kuma faɗinsu ba ya canjawa daga farkon wasa zuwa ƙarshensa. An ambaci wannan ne domin akwai masu rantsuwa da Allah cewa ramin yakan tsuke da zarar an zo kan baƙa.

Abin da ke faruwa a jiki, likitoci sun daɗe da bayaninsa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, tsoka ta ɗaure. Tanadi ne na ranar da mutum zai yi kiciɓis da kura a daji, inda ake bukatar gudu ko kokawa. Sai dai jiki bai iya bambance kura da dariyar abokai ba. Sai ka ga ƙato da gemunsa ya tara ƙarfin tsere wa naman daji, alhali aikin da ke gabansa shi ne ya tura ƙwallo taku biyu a hankali. Hannun da ya kamata ya riƙe sanda sako-sako sai ya damƙe ta, damƙar kuwa ita ke karkatar da bakin sandar. Kuskuren da bai wuce faɗin ƙwayar gero ba, a inda fara ta taɓi baƙa, ya isa ya sa ƙwallon ta daki leɓen rami ta dawo tsakiyar tebur.

Alamar farko ita ce yawan goga alli. Mai lafiya sau ɗaya yake gogawa kafin ya buga. Wanda cikinsa ya ɗuri ruwa yakan goga, ya ajiye, ya sake ɗauka, har shuɗin allin ya hau gaban rigarsa. Daga nan sai hoda, ya barbaɗa ta a hannu har ƙyallen tebur ya yi fari, mai tebur na harararsa. Sai ya zagaya, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya, ya auna da sanda, duk a kan ƙwallon da ke zaune a bakin rami. Wani kuma nasa ciwon na gaggawa ne: so yake a yi ta ta ƙare, sai ya sheƙa wa fara bugun da zai tashe ta daga tebur ta nufi kwata, yara su bi ta da gudu. Amma alamar da ba ta ƙarya ita ce mutum ya waiwayo ya ce, "Ni fa ko a jikina," alhali ba wanda ya tambaye shi.

Babban mai yaɗa wannan cuta shi ne ɗan kallo. A kowane tebur akwai aƙalla mutum guda da ba a taɓa ganin ya biya wasa ba tun ranar da aka kafa teburin, amma ya san inda kowace ƙwallo ta kamata ta bi. Shi ne mai cewa "Ta gefe, ta gefe!" a daidai lokacin da na kusa da shi ke cewa "Kai, miƙe ta kawai, Alhaji!" Na uku ya fi su illa, domin shi ƙarfafa gwiwa yake yi: "Haba, wannan ko makaho ya jefa." Da wannan magana ya rufe wa ɗan wasa duk wata ƙofar mutunci. In ta shiga, aikin makaho ya yi. In ta ƙi, ya kasa abin da makaho ke iyawa.

Abokin karawa ma ba ya zama haka nan. A manyan gasa, wanda ba layinsa ba ne yakan koma kujerarsa ya yi shiru. A unguwa kuwa lokacin ne tari ke kama shi, ko ya amsa wayar da ba ta yi ƙara ba, ko ya je ya tsaya daidai saitin rami yana kaɗa makullin babur. Gwanayen cikinsu sukan jingine sanda su sa hannu a aljihu, wai za su biya tun kafin a buga, suna cewa, "Ai shi kenan, shi ba ya zubar da irin wannan." Mai bugun yakan ji maganar har cikin gwiwar hannunsa.

Bayan an zubar sai borin kunya ya biyo baya, kuma shi ma yana da tsarinsa. Ana farawa da sanda: a mirgina ta a kan tebur a gaban shaidu domin a nuna ta lanƙwashe. In ta mirgina sumul, sai a koma kan tebur, a ce ya karkata. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin teburan da aka tokare ƙafarsu da kwali ko marfin kwalbar lemo ba su da iyaka. Abin da ba a bayyanawa shi ne yadda tebur ya yi haƙuri har aka jefa ƙwallo bakwai, sai a ta takwas ya tuna a karkace yake. In duk wannan bai karɓu ba, akwai fanka, akwai hasken janareta, akwai kuma "an yi mini baki". Ba a cika samun mai cewa tsoro ne ya kama shi ba.

Zakarun duniya ma ba su tsira ba, duk da teburinsu a daidaice yake, 'yan kallonsu kuma alƙalin wasa na tsawata musu. A wasan ƙarshe na gasar duniya ta 1985, a zauren Crucible da ke Sheffield a Ingila, Steve Davis ya fara da ci 8 da nema a kan Dennis Taylor. Aka yi ta ja har aka zo 17 da 17, komai ya rataya a kan baƙa ta ƙarshe. Davis, mai kofin duniya uku a lokacin, ya samu damarsa ya zubar, Taylor ya jefa, mutum miliyan 18.5 na kallo a talabijin bayan tsakar dare. Jimmy White ya je wasan ƙarshe sau shida bai ci ko ɗaya ba, kuma a 1994 baƙa ce ya zubar a zagayen raba gardama da Stephen Hendry. Bill Werbeniuk na Kanada, wanda ke da ɓarin hannu na gado, ya nemi sauƙi wurin giya da ƙwayar rage bugun zuciya, hukumar wasan ta hana ƙwayar, sana'arsa ta tsaya. Ronnie O'Sullivan ya taɓa barin wasa a tsakiya ya fice a 2006. Daga 2011 ya fara ganin likitan ƙwaƙwalwa, Steve Peters, ya kuma ƙara kofin duniya huɗu a kan ukun da yake da su. A majalisar unguwa, wanda ya ce zai ga likitan ƙwaƙwalwa saboda sunuka zai samu laƙabin da jikokinsa ma za su amsa.

Maganin da masu horarwa ke bayarwa ba a sayen sa, wataƙila shi ya sa ba a daraja shi. Ana yanke shawara a tsaye: wace ƙwallo, wane rami, ina fara za ta tsaya. In an sunkuya, tunani ya ƙare. In shakka ta shigo bayan an sunkuya, sai a miƙe a sake daga farko, ko da 'yan kallo za su yi tsaki. Kafin a sunkuya a ja numfashi ta hanci, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, domin sakin numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya. A sassauta riƙon sanda, kuma kada a ɗaga kai sai ƙwallo ta gama tafiyarta. Matakan da ake bi a ƙwallon farko su za a bi a baƙa, ba ragi ba ƙari. Daɗewa ma ba ta ƙara saiti: a gasar Mosconi, da ake yi tsakanin Turai da Amurka tun 1994, daƙiƙa 30 ake ba ɗan wasa ya buga. Sannan mai zuwa tebur bayan kofi uku na shayi mai kauri, da goro a kunci, da lemon ƙara kuzari a hannu, ya sani cewa kafeyin da ke cikinsu yana ƙara ɓarin da ya zo da shi daga gida.

Duk wannan rage ɓarin yake yi, ba ya kawar da shi, kuma wanda ya bi shi sau da ƙafa zai iya sake zubar da baƙa gobe. Steve Davis ya koma wasan ƙarshe a 1986 ya sake faɗuwa, wannan karon a hannun Joe Johnson. Daga nan ya ci kofin sau uku a jere, a 1987 da 1988 da 1989.