Zuhudu da Firji

Daga cikin al'amuran mutanen Amurka da suka cancanci nazari akwai wannan, cewa mutum yakan ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kurarsa ya nufi hamadar Arizona da niyyar halwa, amma ba zai tashi ba sai ya zare tsofaffin wayoyi ya sa masu kauri da fis, ya kafa farantan sola a rufi, ya haɗa batir da inbata mai mayar da bolt 12 zuwa 120, domin kada firji ya yi maraici. Alhali kowane matafiyi inuwa yake nema in ya yi zango, shi bawan Allah da ya hango itace sai ya kauce, ya kafe mota a tsakiyar rana yana zufa, wai batir bai ƙoshi ba.